Wa ke yi wa mutum-mutumin caji?

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah kada kowa ya ji nauyina. Wata huɗu ke nan ina fama da wani labari na yara 'yan shekara 7 zuwa 10. Wani ƙaramin mutum-mutumi ne ke zaune a bakin tafki, ya shaƙu da kwaɗi da balbelu da wata yarinya mai suna Nana. Rani ya tsananta, tafki ya kama ƙafewa. A babin ƙarshe mutum-mutumin ya harba wani haske sama, hadari ya haɗu, ruwa ya kece, kowa ya tsira.

Daren jiya na karanta wa ɗana mai shekara 8. Ya yi tsit har na kai ƙarshe, yana ta murɗa bakin zanen gado da yatsa. Sai ya ce, "Mama, wa ke yi masa caji?" Na ce ai labari ne. Ya ce, "To in dai yana iya kawo ruwa, me ya sa ya bari talibambam suka mutu a babi na 5?" Wallahi ban sami abin cewa ba. Na kwana ina juyi. Labarin ne ya gaza, ko kuwa yaron ne mai yawan tambaya?

Malam Sani: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaronki ya yi miki aikin da edita zai yi. Shekara 19 ina karanta wa 'yan aji uku da aji huɗu labari, abin da na lura shi ne yaro zai yarda kwaɗo ya yi magana, zai yarda inji ya yi kuka, amma ba zai yarda labari ya karya dokar da shi da kansa ya kafa ba. Kin nuna masa a babi na 5 cewa mutuwa gaskiya ce a wannan tafkin. Da kika zo babi na ƙarshe sai kika ce ashe akwai maɓallin da ake dannawa. Dole ya ji an yaudare shi.

Goggo Asabe: Ni kam 'yata, tambayata daban ce. Me ya kawo inji bakin tafki tun farko? Jikana yana iya bambance ƙarar waya kala biyar daga ɗaki, amma ran nan kurciya tana kuka a kan katanga ya tambaye ni ko mujiya ce. Yaran nan sun ƙoshi da inji. Littafi ɗaya da zai fitar da su waje su dubi ƙasa da ruwa, shi ma sai an cusa masa ƙarfe? Ki cire shi, ki bar yarinya da kwaɗinta.

Injiniya Bashir: Goggo, Allah ya ƙara girma, a nan kam zan saɓa miki. Littattafan yara da na saya wa nawa kashi biyu ne. Ko dai inji shi ne mugu, ya zo da hayaƙi da haƙoran ƙarfe ya cinye daji, ko kuma shi ne waliyyi, ya danna abu ɗaya duniya ta gyaru. Na ɗauki shekaru ina harhaɗa na'urori, ban taɓa haɗuwa da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Injin da na sani yana jin zafi, ƙura tana toshe shi, batirinsa yana tsufa, ruwa ya taɓa shi ya yi tsatsa. Yaron da aka raina da "inji mugu" zai girma yana riƙe da waya a hannu yana jin laifi ba tare da ya san abin yi ba. Wanda aka raina da "inji waliyyi" kuma zai zauna yana jiran wani ya ƙirƙiro maganin fari.

Hajiya, tambayar Walid ita ce labarinki. Wa ke yi masa caji? Ki amsa ta, za ki ga littafi ya miƙe.

Goggo Asabe: Ɗana, kai sana'arka kake karewa.

Injiniya Bashir: Gaskiya ne Goggo, ina son sana'ata, ba zan ɓoye ba. Amma ga wani abu da zai iya taɓa zuciyarki. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sauke wata mota mai sarrafa kanta a duniyar Mas a shekarar 2004, sunanta Opportunity. Aikin kwana 90 aka tsara mata. Ta yi fiye da shekara 14 tana tafiya. Abin da ya kashe ta a 2018 guguwar ƙura ce da ta rufe rana, faifan solarta ya kasa samun haske. A shekarun baya kuwa, sau da dama iska ce ke zuwa ta share mata ƙurar, ƙarfinta ya dawo. Dubi wannan: injin da ke can wata duniya nesa da gida, rayuwarsa tana hannun iska da ƙura da rana. Idan wannan bai isa labarin yara ba, ban san abin da ya isa ba.

Baban Husna: Ku yi haƙuri in shigo. Ina tsoron kada mu mai da littafin Hajiya darasin kimiyya. Yaro ya wuni a makaranta, da dare ma sai an auna masa batir? Ni abin da ya dame ni ma wani ne. An ba 'yata wani littafi kyauta tana shekara 6, a tsakiyarsa akwai shafi biyu cur na daji yana ci da wuta, dabbobi na gudu, wata barewa ta waiwayo tana kallon mai karatu. Mako biyu yarinyar nan ba ta yi barci ita kaɗai ba. Kullum sai ta tambaye ni ko wutar za ta iso gidanmu. Marubucin yana ganin ya wayar da kai, ni kuwa ni na san abin da na gani da ƙarfe biyun dare. Don haka ni ƙarshen Hajiya bai dame ni ba. A bar ruwa ya sauko, yaro ya yi barci.

Malam Sani: Baban Husna, Allah ya raya ta. Damuwarka gaskiya ce, kuma na ga irinta a aji. Sai dai abin da ya hana ta barci, a ganina, shi ne an ɗora mata wuta ba a ba ta ko kofin ruwa ba. Yaro yana iya ɗaukar baƙin ciki idan a cikin labarin akwai wani sa'ansa da ke da abin yi da hannunsa. A rubutun Hajiya, me Nana take yi? Ina tambaya da gaske, Hajiya. A babin ƙarshe tana ina?

Maman Walid: Tana tsaye tana kallon sama, Malam. Sai yanzu da ka tambaya na gani. Yarinyar da na ce ita ce tauraruwar labarin, kallo kawai take yi tun daga babi na 6.

Dakta Halima: Na daɗe ina bin maganar a ɓoye, bari in sa baki. Aikina nazarin halittun ruwa ne, kuma Yaya Maman Walid, tun da kika ce tafki na ƙafewa zuciyata ke bugawa, don kina zaune a kan taska ba ki tona ba.

Tafkin da ke ƙafewa duk shekara ba wurin mutuwa kaɗai ba ne. Mazaunansa sun san rani tun kafin a yi mu. Ɗauki gaiwa. Tana da huhu, tana shaƙar iska. Idan ruwa ya ja baya sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zama mata kamar kwanso, ta bar 'yar ƙofa da iska ke shiga. Bugun zuciyarta ya ragu, numfashi ya ragu, ba ci ba sha. Tsokar jikinta take ƙonawa a hankali tana rayuwa da ita, watanni, wani lokaci har fiye da shekara. Masu cewa gaiwa jikinta take ci ba su yi ƙarya ba. Ranar da ruwa ya jiƙa lakar sai kwanson ya yi laushi ta fito.

Ga kuma wani ƙaton kwaɗo da ake samu a kudanci da gabashin Afirka. Namijin ne ke gadin talibambam. Idan kududdufin da suke ciki ya kusa bushewa, sai ya sa ƙafafunsa na baya ya haƙa 'yar hanya a cikin laka har zuwa inda ruwa ya fi yawa, 'ya'yan su bi su wuce. An ɗauki wannan a bidiyo, ba tatsuniya ba ce.

To ki faɗa min, wane haske ne mutum-mutumi zai harba sama da zai kai wannan daɗi?

Abba Mai Zane: Anti Dakta, tsigar jikina ta tashi. Ni tuni na fara ganin shafin: a raba shi biyu, sama busasshiyar laka ta tsattsage, ƙasa gaiwa a naɗe cikin duhu. Yara suna son a nuna musu abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Goggo Asabe: Kun ji ko? Ga shi likita ta faɗa da bakinta. Gaiwa da kwaɗo sun isa littafi. Ina amfanin ƙarfen?

Dakta Halima: Goggo, ki yi min afuwa, rabin maganarki nake goyon baya. Mafi yawan abin mamakin da na sani game da dabbobi, na'ura ce ta nuna mana shi. Mutanen Turai sun yi ɗaruruwan shekaru ba su san inda tsuntsaye ke zuwa da sanyi ba, har akwai masana da suka rubuta cewa wasu a ƙarƙashin ruwa suke kwana. A 1822 aka harbo wata irin shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na tsakiyar Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar duka. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. A lokacin sai da mashi aka gane hanya.

A 2022 kuwa masu bincike sun ɗaura wa wani ɗan tsuntsun bakin teku mai wata biyar da haihuwa 'yar na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam. Ya tashi daga Alaska, bai sauka ko'ina ba sai Tasmaniya a kudancin Ostireliya. Kimanin kilomita 13,560 cikin kwana 11, ba ci, ba sauka. Idonki da nawa ba za su taɓa ganin wannan ba, Goggo. Na'urar ba ta ɗaga masa fiffike ko sau ɗaya ba, shaida kawai ta bayar. Irin wannan injin nake so in gani a littafin yara, mai kallo da saurare da riƙe lissafi.

Injiniya Bashir: Dakta ta gama magana. Hajiya, da ni ne sai in rage masa girma. A cire masa hannu da ƙafa ma in an ga dama. A mai da shi 'yar na'urar auna ruwa da wasu masu bincike suka kafa a kan sanda a tsakiyar tafki, da faifan sola a kanta kamar faɗin littafin rubutu. Aikinta ta auna zurfin ruwa da zafinsa ta aika. Da rani ƙura za ta rufe faifan, caji ya ragu. Irin waɗannan na'urori haka muke tsara su: idan batir ya yi ƙasa sai su kashe komai, su bar agogo kaɗai yana bugawa, su farka sau ɗaya a yini su duba. Muna ce masa barci mai nauyi.

Maman Walid: Injiniya, tsaya. Wato ita ma gaiwa ce.

Injiniya Bashir: Ƙwarai kuwa. Ban ma lura ba sai da kika faɗa.

Maman Walid: Kuma da tafki ya bushe, Nana za ta iya takawa a kan laka ta isa sandar da a da ruwa ya hana ta. Ta goge faifan da gefen rigarta. Ga amsar Walid. Rana ce ke yin cajin, amma sai yarinya ta share ƙurar. Hannuna har rawa yake yi.

Baban Husna: Wannan kam zan karanta wa Husna. Amma ina roƙo ɗaya, talibambam ɗin babi na 5 fa?

Malam Sani: A bar su su mutu, Baban Husna, wasu daga ciki. Kada a zana gawa a shafi biyu, jimla ɗaya ta wadatar. Yaran da nake koyarwa sun sha ganin mataccen tsuntsu a hanya. In littafi ya yi kamar babu wannan, su ne za su fara gane ya ɓoye musu wani abu.

Baban Husna: Jimla ɗaya na yarda. Zane ne ban yarda ba. Abba ka ji.

Abba Mai Zane: Na ji Baba. Sawun balbela kawai zan zana a kan laka, wanda ya gane ya gane.

Goggo Asabe: To duk kun haɗu kun wanke inji tas. Ni tsohuwa ce, amma ina sauraron rediyo. Wannan batir da kuke ta yabo, daga ina ƙarfensa yake fitowa? Kuma in ya mutu ina ake kai shi? Kada ku ba yara rabin gaskiya ku ce kun fi mai harba haske sama.

Injiniya Bashir: Goggo, kin kama ni a inda ba ni da mafita. Ma'adinin kobalt da ke cikin batiran wayoyi da yawa, fiye da rabin na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi, kuma an sha samun yara a wasu ramukan da ake haƙa da hannu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, wanda aka tattara aka sake sarrafa shi bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ba zan ce a juye wa ɗan shekara 8 wannan duka a ka ba. Amma na yarda, na'urar da ke cikin labarin dole ta kasance tana da nauyi a kan tafkin.

Dakta Halima: Kuma hanyar nuna nauyin tana nan a sauƙaƙe. A sa mata 'yar fitila mai haske da dare. Ƙwari za su taru a kanta su yi ta zagaye har su gaji su faɗi. Wannan matsala ce ta gaske. A bakin teku 'ya'yan kunkurun ruwa idan sun ƙyanƙyashe da dare wajen da ya fi haske suke nufa, wanda a asali shi ne teku. Fitilun gidaje da na titi sukan juyar da su su nufi tudu su halaka. Shi ya sa a wasu gaɓar teku ake rage fitila ko a sa mai launin ja-ja a lokacin ƙyanƙyasa. Wanda ya kafa fitilar bai yi nufin cuta ba, bai dai tambayi kunkuru ba.

Wani lokaci gyaran ma ɗan kaɗan ne. A tsibirin Smøla na ƙasar Norwe, manyan fankokin da ke samar da lantarki daga iska suna kashe tsuntsaye. Aka shafa wa fiffike ɗaya cikin ukun baƙin fenti a wasu daga cikinsu don tsuntsu ya riƙa ganin juyawar. Binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna mutuwar ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a waɗanda aka yi wa fentin. Wuri ɗaya ne, fankoki kaɗan, ana kan gwadawa a wasu wurare. Amma Nana za ta iya yin irinsa: ta lura da ƙwarin da ke zube a gindin sandar kowace safiya, ta ƙirga su, ta rufe fitilar da ganye, washegari ta sake ƙirgawa.

Malam Sani: Ƙirgar nan ita ce zan fi so. In na karanta wannan babin ranar Litinin, na san ranar Talata yara biyar za su zo min da lissafin ƙwarin da suka gani a ƙarƙashin fitila. Sai dai Hajiya, ki yi hattara da mu. Mun cika miki tebur da Mas da Alaska da Norwe, kada ko ɗaya ya shiga bakin Nana. Yarinya ba ta san su ba. Abin da idonta ya gani kaɗai za ta faɗa.

Maman Walid: Na gode Malam, na riƙe. Ban yi barci ba jiya ma, amma wannan karon rubutu nake yi. Ga ɗanɗano daga sabon babi na 7, ku duba min:

"Laka ta yi ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafar Nana. Da ta isa sandar sai ta ga ashe na'urar ba ta kai girman da take zato daga bakin tafki ba. Ƙura ta rufe mata fuska. Nana ta tofa yawu a gefen rigarta ta goge, ta goge, har gilashin ya nuna mata hancinta. Ba abin da ya motsa. Ta zauna ta jingina da sandar. Can sai ta ji ɗan ƙit, kamar an taɓa cokali da farce. 'Zurfin ruwa,' in ji na'urar a hankali, 'babu.' Nana ta ce, 'Na sani. Koma barci. Akwai wata a ƙasanmu ita ma jira take yi.'"

Dakta Halima: Yaya, na karanta sau uku. Gyara ɗaya: ki sa ta zo da sassafe. Da tsakar rana busasshiyar lakar tafki tana ƙona tafin ƙafa, ba za ta iya zama a kai ba. Kuma ta yaya ta san akwai gaiwa a ƙasa? Ki ba ta 'yar ƙofar iskar ta gani a babin baya, rami ƙarami a cikin laka, ta tsuguna ta yi mamakinsa.

Goggo Asabe: Ya yi daɗi 'yata, ba zan ƙi gaskiya ba. "Koma barci" ɗin nan ya shige ni. Amma har yanzu ina nan kan bakata, da kin ba gaiwar baki ta yi magana da yarinyar da ya fi min ƙarfe mai magana.

Abba Mai Zane: Goggo, gaiwar tana barci ai. Sai ruwa ya sauko za ta yi magana. A bar mata shafin ƙarshe ita kaɗai.

Goggo Asabe: To, in za a ba ta shafin ƙarshe, na saurara.

Maman Walid: An ba ta, Goggo. Yanzu na gama karanta wa Walid sabon babin. Bai murɗa zanen gado ba, ya tashi zaune. Amma ya sake jefo min wata. Ya ce, "Mutanen da suka kafa ta, za su dawo su ɗauke ta in ta tsufa, ko za su bar ta a cikin tafkin?" Injiniya, a gaskiyar aikinku yaya ake yi?

Injiniya Bashir: Ƙa'ida ita ce a dawo a cire, musamman saboda batirin, don in ya fashe a ruwa guba ne. Masu aikin kirki suna dawowa. Amma na taɓa zuwa wani wuri na tarar da wadda aka kafa shekaru da suka wuce, kuɗin aikin ya ƙare, ba wanda ya waiwaye ta. Tsatsa ta cinye ƙusoshin, zanzaro ya yi gini a cikin akwatin. Na kwance ta da kaina na sa a bayan mota. Ki gaya wa Walid duka biyun suna faruwa, ki tambaye shi wanne yake so Nana ta tarar.

Maman Walid: Ya riga ya yi barci. Da safe kafin ya tafi makaranta zan tambaye shi, in kawo muku amsarsa.